Daga Ɗakin Gwajin Rum Zuwa Tukunyar Samaru

A 1932 James Chadwick ya gano niyutiron a Kambirij ta Ingila. Ba shi da cajin lantarki, shi ya sa yake kutsawa har cikin cibiyar ƙwayar zarra babu mai tunkuɗe shi. Bayan shekara biyu, a birnin Rum, Enrico Fermi da abokan aikinsa suka lura cewa idan niyutiron ya ratsa ruwa ko kakin farafin gudunsa ya ragu, ƙarfe ya fi kama shi nesa ba kusa ba. Tambayar da ta biyo baya ita ta cinye rayuwar masana da yawa: wace cibiya ce ke kamawa, a wane gudu, kuma sau nawa? Amsar lamba ce, ana ƙiyasta ta a matsayin faɗin filin da cibiyar take tarewa, da ma'aunin da ake kira barn.

Mu tsaya a Satumbar 1944, domin a nan aka san darajar waɗannan lambobi. An tayar da babbar tukunyar nukiliya ta Hanford a Amurka, ta yi aiki na sa'o'i, ta mutu da kanta, ta farfaɗo, ta sake mutuwa. Mai laifin shi ne zenon-135, wanda tukunyar ke haifarwa a cikinta. Yuraniyom-235 yana tsagewa da faɗin barn kusan 585, zenon kuwa yana haɗiye niyutiron da faɗin da ya haura miliyan 2. Babu wanda ya sa shi a lissafi. Da injiniyoyi ba su yi bututun makamashi 2,004 maimakon 1,500 ba, da aikin ya tashi a banza.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka fara kwance asiri. A 1955 ɗakin bincike na Brookhaven ya buga kundin BNL-325, aikin Donald Hughes da John Harvey, wanda ya tara awon da aka yi a wurare dabam-dabam. Tarawar ce ta tona matsalar. Ɗakuna uku za su auna abu guda su kawo amsa uku, wani gudun kuma babu wanda ya taɓa aunawa. Dole aka samu sabuwar sana'a, ta mai tantancewa. A ganina aikinsa ya fi kama da na malamin hadisi. Ba ya karɓar ruwaya don sunan mai ita ya shahara. Sai ya bi diddigi: da wace na'ura aka auna, samfurin yana da gauraye ko a'a, da wane ma'auni aka gwada shi, wa ya kwafa daga wa. Ya rinjayar da wannan, ya raunana wancan, inda babu ruwaya ya cike da lissafin nazari, sannan ya faɗi iyakar shakkarsa a fili. Wannan na ƙarshe shi ne mafi wuya, kuma shi aka fi jinkirin koya.

Sauran ya zo a jere. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, ta buɗe sashen bayanan nukiliya a 1964, Amurka ta fitar da rumbun ENDF/B na farko a 1968, Japan ta biyo da JENDL a 1977, Turai, Rasha da Sin kowa ya gina nasa. Ɗanyen awon kuwa ana zuba shi a rumbu guda, EXFOR, kowa ya ɗiba kyauta.

Mu fa? Dokar kafa hukumar makamashin nukiliya ta Najeriya ta fito tun 1976, amma sai 3 ga Fabrairun 2004 tukunyarmu ta farko, NIRR-1, ƙirar ƙasar Sin mai kilowat 30, ta kama aiki a Cibiyar Bincike da Horo kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. Ɗalibin da zai ɗebo ƙasar gona daga Wuro Patuji a Mubi ya kai Samaru don a gano ma'adanan da ke cikinta, sakamakonsa ya rataya ne a kan lambobin nan, musamman barn 98.7 na zinariya, wadda ake sakawa tare da samfuri a matsayin ma'auni.

Babbar jarrabawa ta zo da batun sauya makamashi. An so a cire yuraniyom mai inganci kashi 90 a sa mai kashi 13, kuma ba a gwada irin wannan da ka. Shekaru Farfesa Sunday Jonah da abokansa suka yi tare da masanan ɗakin bincike na Argonne da ke Amurka suna gina tukunyar a kwamfuta da manhajar MCNP, wadda ba ta san komai ba sai abin da rumbun ya faɗa mata. A ƙarshen 2018 sabon makamashin ya kama, tsohon kuma aka mayar da shi Sin.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne har yanzu ɗibarmu ta fi zubinmu. Masu binciken Samaru sun auna wasu lambobin sun gwada su da na rumbunan, amma su ƙalilan ne. Tantancewa ba ta buƙatar tukunya. Kwamfuta, intanet da malami mai haƙuri sun isa a fara, kuma babu abin da zai hana Jami'ar Jihar Adamawa da ke Mubi ta ɗora ɗaliban digiri na biyu a kan wannan aiki.