Jenne: Tsakanin adana tarihi da bukatun zamani

Garin Jenne yana tsakiyar ƙasar Mali, kusa da kogin Bani, kuma ya yi suna ne saboda gine-ginensa na laka. Babban Masallacin garin, wanda aka sake ginawa a shekarar 1907, shi ne ginin laka mafi girma a duniya.

A shekarar 1988, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya tsohon garin, mai gidajen gargajiya kusan 2,000, cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Wannan ya ƙara jawo masu yawon buɗe ido, musamman ranar Litinin da kasuwa ke ci a gaban masallacin. Masu masauki da 'yan rakiya da masu sana'ar hannu duk sun amfana.

Sharuɗɗa

Sai dai martabar ta zo da sharuɗɗa. Ba a yarda mai gida ya sauya fasalin gininsa yadda ya ga dama ba, domin gine-ginen lakar ne baƙi ke zuwa gani.

Mazauna garin da dama kuwa na son siminti da ɗakuna masu faɗi da banɗaki na zamani. Hujjarsu ita ce, ginin laka na bukatar yaɓe a kai a kai kafin damina, abin da ke cin kuɗi.

Shi ma ruwan famfo ya zo da tasa matsalar. Ya sauƙaƙa rayuwa, amma rashin isassun magudanai ya sa ruwan datti na kwanciya a lunguna, yana cin gindin bango.

Yaɓen masallaci

A kowace shekara jama'ar garin kan fito ƙwansu da ƙwarƙwatarsu domin yaɓe masallacin, ƙarƙashin jagorancin magina. Itatuwan giginya da suka leƙo daga bangon su ne matakalarsu.

Amma yaɓe kan yaɓe na tsawon shekaru ya ƙara wa ginin nauyi. A shekarar 2006 tarzoma ta ɓarke bayan da aka ga ma'aikatan Gidauniyar Aga Khan suna binciken rufin masallacin. A watan Nuwamban 2009 kuma, wani sashe na ɗaya daga cikin hasumiyoyinsa ya rufta sakamakon ruwan sama mai ƙarfi. Gidauniyar ta sake gina shi da laka, tare da maginan garin.

Barazana

Rikicin da ya ɓarke a Mali a shekarar 2012 ya kori baƙi, kuɗin shiga ya ragu. A shekarar 2016 UNESCO ta sanya Jenne cikin wuraren tarihin da ke fuskantar haɗari.

Hukumar dai kan janye martabar idan ta ga an wuce gona da iri. Ta yi wa kwarin Elbe na birnin Dresden a Jamus haka a shekarar 2009 saboda gina gada, sannan birnin Liverpool na Ingila a 2021 saboda sabbin gine-gine a bakin ruwa.

Tsohon garin Agadez na Nijar, wanda ya shiga jerin a shekarar 2013, shi ma na laka ne, kuma yana fuskantar irin wannan tambaya: yadda za a kare ginin kaka da kakanni ba tare da an tauye waɗanda ke kwana a cikinsa ba.