FIBO: Yadda ake cin moriyar babban baje kolin masana'antar motsa jiki na Jamus

A watan Afrilu na kowace shekara, birnin Kolon na ƙasar Jamus yana karɓar baƙuncin FIBO, baje kolin da ake ɗauka a matsayin mafi girma a duniya a harkar motsa jiki. A shekarar 2019 ya tara mutane kimanin 145,000 da kamfanoni sama da 1,000. A taro mai wannan girma, ana iya shafe kwana huɗu ana yawo, a koma gida da jaka cike da takardun talla, ba tare da an ƙulla ciniki ko ɗaya ba. Mai cin riba shi ne wanda ya zo da buƙata ƙayyadadda, kuma ya san tambayoyin da zai yi.

Asalin taron

Volker Ebener da Kurt Thelen ne suka kafa FIBO a 1985, sunan kuma ya samo asali ne daga haruffan farko na kalmomin Turanci biyu da ke nufin motsa jiki da gina tsoka. An fara shi a Kolon, daga baya ya koma birnin Essen, sannan ya dawo Kolon a 2013. Kamfanin RX, wanda a da ake kira Reed Exhibitions, shi ke shirya shi. Annobar korona ta hana haɗuwa ido da ido a 2020 da 2021, aka dawo a 2022.

Akwai takwarorinsa a wasu ƙasashe, kamar taron shekara-shekara na ƙungiyar masu gidajen motsa jiki ta Amurka, wadda aka sani da IHRSA kafin ta sauya suna zuwa HFA a 2024, da RiminiWellness a Italiya. Yawancin abin da za a faɗa a nan ya shafe su duka.

Kwanakin da suka fi muhimmanci

Ana gudanar da FIBO daga Alhamis zuwa Lahadi. Alhamis da Juma'a na 'yan kasuwa ne da ƙwararru, Asabar da Lahadi kuma ana buɗe ƙofa ga kowa. Wanda ya zo sayen kaya ko neman wakilcin wani kamfani ya kamata ya kammala muhimman ganawarsa a kwana biyun farko, domin a ƙarshen mako zauruka kan cika da masu kallo da masu ɗaukar hoto da taurarin gina tsoka, magana mai tsawo kuma sai ta yi wuya.

Kwana ɗaya kafin buɗewa, ƙungiyar EuropeActive kan yi taronta na shugabannin masana'antar, inda ake gabatar da rahoton kasuwar Turai da take haɗawa tare da kamfanin Deloitte. A nan ake jin alƙaluman da masu zuba jari ke dogaro da su.

Shiri kafin tafiya

Da sanyin safiya ake kama fara. Mai zuwa daga ƙasar da ke buƙatar bizar Schengen, kamar Najeriya ko Nijar ko Ghana, yana iya miƙa takardunsa tun wata shida kafin tafiya. Kuɗin biza Yuro 90 ne tun daga watan Yunin 2024, ana kuma buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. A ƙa'ida ana yanke hukunci cikin kwana 15, amma yana iya kai wa kwana 45. Otal-otal na Kolon kan yi tsada a makon taron, shi ya sa wasu ke sauka a Bonn ko Düsseldorf, tafiyar kusan rabin sa'a a jirgin ƙasa.

Masu shirya taron suna wallafa jerin kamfanoni da taswirar zauruka tun kafin ranar. Dabarar ita ce mutum ya zaɓi kamfanoni ƙalilan, ya rubuta musu ya nemi lokacin ganawa, ya bar sauran sa'o'i don zagayawa. Yana da kyau ya riƙe bayanan kasuwancinsa a takarda guda: girman ɗakinsa, yawan mambobinsa, kuɗin da ya ware, da irin wutar lantarkin da yake samu.

Tambayoyin da ake yi wa mai sayar da na'ura

Manyan kamfanoni irin su Technogym na Italiya da Life Fitness na Amurka da Matrix na Taiwan suna kashe kuɗi mai yawa wajen ƙawata rumfunansu. Amma na'urar gudu da ke sheƙi a ƙarƙashin fitilu, gobe za ta yi aiki sa'o'i goma a rana cikin ƙura da zafi, kuma a nan ne ingancinta zai bayyana.

Tambaya ta farko ita ce ajin na'urar. Ƙa'idar ISO 20957 ta bambanta kayan gida, masu alamar H, da kayan kasuwanci, masu alamar S. Na gida sun fi araha, sai dai ba a ƙera su don jama'a da yawa ba, kuma garantinsu kan faɗi idan aka sa su a gidan motsa jiki na haya.

Ta biyu ita ce lantarki. Turai da Afirka ta Yamma suna amfani da kusan bolt 230, yayin da kayan da aka ƙera don kasuwar Amurka ke amfani da bolt 120. Inda wuta ke hawa da sauka ko ake dogaro da janareta, wajibi ne a tambaya ko garanti ya haɗa da allon lantarkin na'urar, domin shi ke saurin ƙonewa.

Ta uku ita ce gyara: wa ke gyarawa, ina kayan gyara suke, kuma mako nawa suke ɗauka kafin su iso. Ta huɗu, ko allon na'urar yana buƙatar intanet da biyan kuɗi duk wata.

Sai kuma farashi. Kuɗin da aka faɗa a rumfa yana iya zama EXW, wato mai saye zai ɗauki kayan daga ƙofar masana'anta, ko FOB, wato har a loda su a jirgin ruwa, ko CIF, wanda ya haɗa da kuɗin jirgi da inshora zuwa tashar da za a sauke. Bambancin yana da yawa, kuma ko a CIF harajin kwastam yana kan mai saye. Duk alƙawarin da aka yi da baki, a nemi a rubuta shi.

Hattara da sinadaran gina jiki

Wani ɓangare na FIBO na masu sayar da garin furotin ne da ƙwayoyin ƙarin kuzari. A binciken da masana na Jami'ar Wasanni ta Jamus da ke Kolon suka wallafa a 2004, an gwada kayayyaki 634 daga ƙasashe 13, aka samu kusan kashi 15 cikin 100 ɗauke da sinadaran ƙara tsoka da ba a rubuta a jikinsu ba. A dokokin hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, WADA, ɗan wasa ne ke ɗaukar alhakin duk abin da aka samu a jikinsa, ko da bai san ya sha ba. Don haka mai niyyar shigo da irin waɗannan kaya sai ya nemi shaidar gwaji daga ɗakin bincike mai zaman kansa. A Najeriya kuma dole ne a yi musu rajista da hukumar NAFDAC kafin a sayar.

Inda siyasa ta shigo

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 kashi 31 cikin 100 na manya, kusan mutum biliyan 1.8, ba sa samun motsa jikin da ake buƙata, wato aƙalla minti 150 a mako. Ta kuma ƙiyasta cewa rashin motsa jiki zai ci wa tsarin lafiya na gwamnatoci kusan dala biliyan 27 a shekara tsakanin 2020 da 2030. Masana'antar na amfani da waɗannan alƙaluma wajen neman rangwamen haraji da tallafi. A Jamus, kamfanonin inshorar lafiya na gwamnati suna biyan wani kaso na kuɗin darussan motsa jiki da aka tantance.

Zaman tattaunawa kan irin waɗannan manufofi na da amfani ga ɗan jarida ko mai fafutuka, muddin ya lura da wanda ya ɗauki nauyin zaman. Gidan motsa jiki na masu iya biyan kuɗin wata ne. Filin wasa na unguwa da hanyar tafiya a ƙasa na kowa ne, kuma ba su da rumfa a baje koli.

Bayan an dawo

Wakilin kamfani kan gana da ɗaruruwan mutane cikin kwana huɗu, saboda haka saƙon da ya iso a makon farko, yana tuna masa abin da aka tattauna, shi ya fi samun amsa. Kafin a tura kuɗi, a kwatanta farashin kamfanoni aƙalla uku bisa sharaɗi iri ɗaya, a kuma nemi jin ta bakin wani gidan motsa jiki da ya yi shekara yana amfani da na'urar a yanayi irin na mai saye.