Suna Linzami: Tarihin Zambo da Laƙabi a Siyasar Amurka

Gabatarwa

A shekarar 1789, sa'ad da George Washington ya zama shugaban Amurka na farko, Majalisar Dattawan ƙasar ta shafe makonni tana muhawara a kan taken da za a riƙa kiransa da shi. Mataimakinsa, John Adams, wanda shi ne ke jagorantar zaman majalisar, ya dage lallai a samo take mai ƙasaita irin na sarakunan Turai. Har wani kwamiti ya kawo shawarar a riƙa cewa «Mai Martaba Shugaban Amurka, Mai Kare Ƴancinta». Majalisar Wakilai ta ƙi amincewa, maganar ta mutu. Sai dai Adams, da yake gajere ne kakkaura, bai fita daga muhawarar hannu rabbana ba: abokan zamansa sun yanka masa take nasa na kansa, His Rotundity, wato «Mai Girman Tumbi».

Tun daga wannan rana zambo bai rabu da siyasar Amurka ba. Hausawa kan ce suna linzami ne, tarihin waccan ƙasa kuwa ya nuna cewa wanda ya ɗaura linzamin ba kullum ne yake riƙe da ragama ba. Wani sunan ya juye ya zama kirari, wani ya liƙe wa mai shi har kabari, wani kuma ya kutsa cikin littattafan makaranta ya zauna a gurbin tarihi. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi cancantar a lura da shi, musamman ga masu koyarwa.

Doka da bakin jama'a

Adams ya gaji Washington a 1797. A 1798 ya sa hannu a kan wata doka da ta haramta rubutun ƙarya ko na ɓatanci ga shugaban ƙasa da majalisa. Cikin waɗanda ta fara cafkewa har da ɗan majalisa Matthew Lyon na jahar Vermont, wanda ya rubuta cewa shugaban yana da ƙishin ƙasaita da son fadanci. An ɗaure shi wata 4, aka ci shi tarar dala 1000. Yana cikin kurkuku mutanen mazaɓarsa suka sake zaɓensa. Adams ya faɗi zaɓen 1800, wa'adin dokar ya ƙare a 1801, Thomas Jefferson kuma ya yafe wa waɗanda aka hukunta da ita.

Kusan shekaru 190 bayan haka, a 1988, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar da mai wa'azi Jerry Falwell ya yi da mujallar Hustler, wadda ta yi masa mummunan zambo. Alƙalan duka sun haɗu a kan cewa mutumin da ya shahara a idon jama'a ba zai karɓi diyya ba don kawai barkwanci ya sosa masa rai. Wannan kariya ce ta sa ɗan siyasar Amurka da aka yi wa suna ba shi da wata mafita sai ɗayan biyu: ya haƙura, ko ya san yadda zai juya sunan.

Zagin da ya zama kirari

A zaɓen 1828, abokan hamayyar Andrew Jackson sun yi wasa da sunansa suka mai da shi jackass, kalmar da ke nufin jaki, ke kuma nufin wawa. Mai zanen barkwanci Thomas Nast, haifaffen Jamus da ke aiki a mujallar Harper's Weekly, shi ne ya kafa wannan dabba a zukatan mutane. A watan Janairun 1870 ya zana jaki yana harbin mataccen zaki: jakin shi ne jaridun ƴan Demokrat da suka yi adawa da yaƙin basasa, zakin kuma Edwin Stanton ne, ministan yaƙi na Abraham Lincoln, wanda bai daɗe da rasuwa ba. A watan Nuwamban 1874 ya zana masu zaɓen jam'iyyar Rifablikan a siffar giwa da ta firgita tana shirin afkawa rami. Babu yabo a cikin zanen biyu. Duk da haka jaki da giwa su ne alamomin da duniya ta san jam'iyyun biyu da su.

Zaɓen 1840 ya fi fito da wannan juyi a fili. Wata jaridar ƴan Demokrat a birnin Baltimore ta yi wa ɗan takarar jam'iyyar Whig, William Henry Harrison, ba'a cewa in aka ba shi ganga guda ta barasar tuffa da kuɗin fansho, zai ƙare rayuwarsa a bukkar gungume. Ƴan Whig suka cafe maganar, suka riƙa jan bukkoki a kan amalanke a tarurrukansu, suna nuna Harrison a matsayin talaka ɗan'uwan talakawa. Alhali an haife shi a babban gandu a jahar Virginia, mahaifinsa kuma yana cikin waɗanda suka sa hannu a takardar ƴancin kai ta 1776. Ya kayar da shugaba Martin Van Buren da ƙuri'un wakilai 234, shi kuwa 60.

Wanda ya faɗi ma ya bar abin tunawa. A 1839 wata jaridar Boston ta taƙaita kalmomin da ke nufin «komai daidai» da haruffan O.K., bisa kuskuren rubutu na ganganci don raha. Da yake ana yi wa Van Buren laƙabi da Old Kinderhook, sunan garinsu, magoya bayansa a Niyok suka kafa ƙungiya mai suna O.K. a 1840. Yaƙin neman zaɓen ne ya yaɗa haruffan, kamar yadda masanin harshe Allen Walker Read ya tabbatar a shekarun 1960. «Oke» ɗin da ake ji a tashar mota a Maraɗi ko Damagaram daga can ya taso.

Haka abin ya ci gaba. A 1884, ƴan Rifablikan da suka ƙi ɗan takararsu James Blaine saboda zargin cin hanci, suka bi Grover Cleveland, jaridar New York Sun ta kira su Mugwumps, kalmar ƴan asalin ƙasar mai nufin babban jagora, don ta nuna su masu ji da kai ne. Sun karɓi sunan, Cleveland kuma ya ci jahar Niyok da ratar ƙuri'u dubu ɗaya da ƴan kai. A 1906 shugaba Theodore Roosevelt ya kamanta ƴan jarida masu tonon asiri da mai manjagara da ba ya ɗaga kai daga juji; muckraker ya zama lambar girma ga irin su Ida Tarbell, wadda ta fallasa kamfanin mai na Standard Oil. Dokar inshorar lafiya ta 2010, da ƴan adawa suka kira Obamacare don su rataya wa Barack Obama alhakinta, shi da kansa ya ce a muhawarar 2012 sunan ya kwanta masa a rai. Sara da sassaƙa ba su hana gamji toho.

Sunan da ya liƙe

Ba kowane suna ke juyuwa ba. A 1812 gwamnan jahar Massachusetts, Elbridge Gerry, ya sa hannu a dokar da ta sake yanka mazaɓu don amfanin jam'iyyarsa. Ɗaya daga cikin mazaɓun ta fito a karkace, sai jaridar Boston Gazette ta zana ta da fukafukai da farata, ta haɗa sunan gwamnan da na salamanda, wata halitta mai kama da ƙadangare, aka sami gerrymander. Gerry ya sa hannu a takardar ƴancin kai, ya kuma rasu a 1814 yana mataimakin shugaban ƙasa, amma abin da sunansa ke nufi a ƙamus shi ne maguɗin yankan mazaɓu.

Herbert Hoover ya yi suna a Yaƙin Duniya na Ɗaya da ciyar da miliyoyin mutanen Beljiyam. Da tattalin arziki ya durƙushe a 1929 yana kan mulki, sai aka riƙa kiran unguwannin kwali da kwano na waɗanda suka rasa gidajensu Hooverville, wato «garin Hoover». Tsohuwar jaridar da marar gida ke lulluɓa da ita ta zama «bargon Hoover», aljihun da aka zazzago waje babu ko anini ya zama «tutar Hoover». Ofishin farfagandar jam'iyyar Demokrat ya taimaka wajen yaɗa su, amma yunwa ce ta ba su ƙarfi. A 1932 Franklin Roosevelt ya sami ƙuri'un wakilai 472, Hoover 59.

A takarar sanata ta jahar Kalifoniya a 1950, Richard Nixon ya laƙaba wa abokiyar karawarsa Helen Gahagan Douglas launin ja-ja, don ya nuna tana da ƙamshin kwaminisanci. Ɓangarenta ya rama da Tricky Dick, «Dick Mai Wayon Tsiya». Nixon ne ya ci zaɓen, siyasar Douglas ta ƙare a nan. Sunan kuwa ya yi ta binsa shekaru 24, har badaƙalar Watergate ta tilasta masa murabus a watan Agustan 1974. A nan suna ya jira mai shi har ya gaskata shi.

Sunan da ya ɓata tarihi

Daga waɗannan misalai mai karatu zai iya zaton duk sunan da ya daɗe gaskiya ce ta riƙe shi. Abin da ya faru a Kudancin Amurka bayan yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865 ya rushe wannan zato. Da aka ƴanta bayi kimanin miliyan 4, mutane da yawa daga Arewa sun gangara Kudu: tsoffin sojoji, ƴan kasuwa, masu wa'azi, da malamai maza da mata da suka buɗe wa ƴantattun bayi makarantu. Jaridun tsoffin masu bayi suka haɗa su duka a suna ɗaya, carpetbagger, mai jakar ƙyallen darduma, wato ɗan cirani da ya zo da jaka wofi don ya cika ta da dukiyar mutane. Farar fatar Kudu da ya haɗa kai da su kuwa aka kira shi scalawag, ɗan iska marar daraja.

Akwai maciya amana a cikinsu, kamar yadda ake samu a ko'ina. Amma aikin sunan shi ne ya halatta jinin duk wanda aka laƙaba wa. A watan Satumban 1868 wata jarida a garin Tuscaloosa na jahar Alabama ta buga zanen mutum biyu a rataye a reshen itace, ɗaya riƙe da jakar darduma, ga alfadari mai ɗauke da haruffan ƙungiyar ta'adda ta Ku Klux Klan yana wucewa. Mutanen biyu ba ƙirƙira ba ne: ɗaya an naɗa shi shugaban jami'ar jahar, ɗayan kuma shi ne babban jami'in ilimi na jahar. A waɗannan shekaru an ƙona makarantu, an yi wa malamai bulala, an kashe baƙaƙen fata masu jefa ƙuri'a.

Bayan an janye hannun sojojin tarayya daga harkokin Kudu a 1877, sunayen biyu sun shiga littattafan tarihi tamkar kalmomin ilimi. An koya wa ɗalibai, zuri'a bayan zuri'a, cewa zamanin da baƙar fata ya fara zaɓe, har Hiram Revels ya zama sanata a 1870, zamani ne na ɓarayi da jahilai. Masani W. E. B. Du Bois ya ƙalubalanci wannan labari a littafinsa Black Reconstruction na 1935, inda ya keɓe babin ƙarshe ga binciken abin da littattafan makaranta ke koyarwa. Ba a saurare shi sosai ba sai a shekarun 1960, lokacin gwagwarmayar ƴancin baƙar fata, sa'an nan littafin Eric Foner na 1988 ya ƙara tabbatar da gyaran. Zambon da ɓangare ɗaya ya ƙaga a tsakiyar rikici ya yi kusan shekaru 100 yana magana da muryar malami.

Zamanin talabijin da intanet

Watergate sunan wani rukunin gine-gine ne a Washinton, inda aka fasa ofishin jam'iyyar Demokrat a watan Yunin 1972. Ƴan jarida suka yanke wutsiyar kalmar suna liƙa wa kowace badaƙala: Irangate a 1986, Angolagate a Faransa, har jaridun Yamai a 2017 suka kira wani zargi da ya shafi cinikin yuraniyom Uraniumgate. Wutsiyar kan yanke hukunci tun kafin alƙali ya zauna, ta kuma daidaita babban laifi da ƙarami.

Wani canjin ya shafi bakin da zambon ke fitowa. A da, galibi ƴan jarida da masu zane da magoya baya ne ke yin sa, manyan ƴan takara suna kame bakinsu. A zaɓen 2016 Donald Trump ya riƙa raɗa wa abokan takararsa suna da kansa, a dandalin taro da shafin Twitter: Jeb Bush «marar kuzari», «Ted Maƙaryaci», «Ƙaramin Marco», «Hillary Maha'inciya», daga baya kuma «Joe Mai Gyangyaɗi». Ita ma Hillary Clinton, da ta ce a watan Satumban shekarar rabin magoya bayansa abin ƙyama ne, sai suka buga kalmar a riguna suna taƙama da ita, kamar yadda aka yi da bukkar Harrison shekaru 176 kafin nan.

Kammalawa

Zambo ya yi wa jama'ar Amurka aiki: ya hana shugabanci rikiɗewa sarauta a 1789, ya ba mayunwata bakin magana a 1932. Ya kuma zama igiyar rataya a Alabama. Siffarsa ɗaya ce a duka wuraren, gajere, mai daɗin faɗi, mai wuyar mantawa, don haka daɗinsa ba ya shaidar gaskiyarsa. Malamin da ya tarar da irin wannan suna a littafin da zai koyar, ko na tarihin Amurka ne ko na wata ƙasa, yana da tambayoyi uku da ya kamata ya sa ɗalibansa su yi: wa ya raɗa shi, a cikin wace rigima, kuma wanda aka raɗa wa yana da bakin ramawa a lokacin? Adams da Hoover da Nixon suna da jam'iyya da jaridu da za su kare su. Malaman makarantun ƴantattun bayi sai da suka jira masana tarihi na wani ƙarni kafin a wanke sunansu.