Kwalbar da ta riƙe fuskar kakanninmu: wankin hoto a Fagge da Sabon Gari

1/ Hoton auren kakannina baƙi-da-fari ne, ya haura shekara 50, amma har zanen hular Malam kana iya ƙirgawa. A bayansa akwai hatimin wani shago na Sabon Gari. Na bi diddigin abin da ya sa bai koɗe ba, sai na ƙare a kan kwalba. E, kwalba. Ku biyo ni. 🧵

2/ Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Wajen 1913 Turawa suka yanka Sabon Gari don baƙin da suka biyo layin dogo: mutanen kudu, da na Saliyo, da na Gwalkwas (Ghana ta yau). Akawu, tela, direba, kafinta. Cikinsu har da masu ɗaukar hoto.

3/ Fagge kuwa ta girmi Sabon Gari nesa ba kusa ba. Zango ce ta Buzaye da fataken da ke ketowa ta hamada. Da yake tana tsakanin birni da Sabon Gari, sabuwar sana'a ta nan take bi kafin ta shiga cikin ganuwa. Haka yaranmu suka koyi hoto, suna yaran shago.

4/ Ciniki kam akwai: hoton fasfo na maniyyata, na makaranta, na aure, ga layin ranar Sallah. Amma danna kyamara shi ne mai sauƙin. Aikin gaske yana ɗakin duhu, inda ake wanke fim. Daga nan muka gaji kalmar "wankin hoto", har yau da injin ke buga shi a bushe.

5/ Fim yana ɗauke da gishirin azurfa mai jin haske. Ruwa uku yake sha. Na farko ya fito da surar. Na biyu, mai tsami, ya tsayar da aikin na farko. Na uku, wanda ake kira haifo, ya narkar da ragowar da haske bai taɓa ba. Sannan a ɗauraye da ruwa mai yawa.

6/ Haifo tsohon hannu ne: a 1819 John Herschel na Ingila ya gano yana narkar da gishirin azurfa. Maganin farko kuma, fitacce a ciki shi ne D-76 na Kodak, wanda ya fito a 1927. Gari ne a fakiti, mai hoto ya dama galan guda, kusan lita 3.8.

7/ To a nan gizo ke saƙa. Galan ba ya ƙarewa a rana ɗaya, kuma maganin farko abokin gabarsa iska ce. Da ta same shi zai fara komawa kalar shayi, ƙarfinsa ya mutu. Kodak da kanta ta ce: kwalba cike, a rufe gam, wata 6. Rabin kwalba, wata 2.

8/ Wani dattijo a Fagge, da yanzu fasfo kawai yake bugawa da kwamfuta, ya nuna min nasa kwalaben na da. Na ce, "Baba, a ina ake sayen irin waɗannan?" Dariya ya yi. Ashe kwalaben maganin tari ne da na asibiti, masu ruwan ƙasa, daga hannun masu sayen tsofaffin kwalabe.

9/ Ruwan ƙasar ba ado ba ne, yana rage hasken da ke shiga. Dabarar kuma ita ce a raba galan a ƙananan kwalabe, kowace a cika ta har wuya. Ka buɗe ɗaya, sauran suna kwance lafiya. In ta yi rabi, a zura ƙwallayen gilashi ruwan ya taso ya kore iska.

10/ Wankin kwalba shi ne aikin farko na yaron shago, kafin a bari ya taɓa kyamara. Ruwan ɗumi sau da yawa, a zuba yashi a girgiza har baƙin da ya manne a ciki ya fita, a sake ɗaurayewa, a kife ta ta bushe. Murfin ma sai an wanke, don a nan datti ke ɓuya.

11/ Doka mafi tsanani: kwalbar da ta taɓa ɗaukar haifo ba ta komawa ta maganin farko. Haifo kaɗan ya isa ya ɓata shi. Ku tuna fa, fim sau ɗaya ake wanke shi. In ya lalace, an gama biki, amarya ta tare, ba a sake ɗaura aure don mai hoto.

12/ Ga kuma zafin Kano. Littafi ya ce a wanke baƙi-da-fari a digiri 20, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40. Magani mai zafi yana saurin ƙona hoto. Sai a jiƙa kwalabe cikin randa, ko a nemo ƙanƙara, ko a bari sai tsakar dare. Ilimin kimiyya ne tsaf, ba satifiket.

13/ Yanzu ku ɗauko tsohon hoton gidanku. In ya yi rawaya da tabo-tabo, sau da yawa haifo ne ya gaji ko ba a ɗauraye shi sosai ba, ya zauna a takarda yana cin azurfar a hankali. In yana nan tas, wani yaron shago ne bai yi ha'inci ba. Allah Ya saka masa.

14/ Me ya kashe sana'ar? Hoto mai kala. Tsarin C-41 da Kodak ta fitar a 1972 yana son digiri 38 daidai, ba ƙari ba ragi, aikin inji ne. Daga shekarun 1980 sai mai hoto ya koma ɗauka kawai, ya kai fim babban shago a wanke masa. Kwalabe suka koma lungu.

15/ Sai dijital da waya suka ƙarasa. Kodak ɗin ma a Janairun 2012 ta shiga kotu neman kariyar fatara. A Bamako an adana fina-finan Seydou Keïta da Malick Sidibé, yau duniya ke kallonsu a gidajen tarihi. Dattijon Fagge kuwa, nasa buhun fim ɗin damina ta cinye shi.

16/ Gargaɗi, don yanzu matasa na komawa kyamarar fim: kwalbar maganin hoto ba ta komawa kicin. Ba zoɓo, ba kunu, ba man gyaɗa, komai wankinta. Kuma kar a zuba magani a robar lemo inda yara suke. A rubuta suna a jiki. Sinadarin haidirokwinon da ke ciki shi ne na man bilicin, ba abin wasa ba ne.

17/ Roƙona: wannan makon ku buɗe adakar Hajiya. Ku ɗauki hoton gaba DA baya, don hatimin shago yana gaya mana titi da zamani. Ku tambayi sunayen waɗanda ke ciki tun masu sani suna raye. Wanda ya samu hatimin Fagge ko Sabon Gari ya ajiye mana a ƙasa, mu haɗa taswirar shagunan tare.