Jan Alade: Motar da Ta Rikita Ma'anar "Asali"

Duk wanda ya mallaki mota mai gudu, wata rana sai tambayar nan ta same shi: ya bar ta yadda ta fito daga kamfani, ko ya kai ta gareji a ƙara mata ƙarfi? Masu cewa a bar ta sukan kafa hujja da cewa injiniyoyin kamfani sun fi kowa sanin abin da suka ƙera. Tarihin AMG ya ɗan raunana wannan hujjar.

A 1967 wasu injiniyoyi biyu da suka yi aikin injin tsere a Daimler-Benz, Hans Werner Aufrecht da Erhard Melcher, suka buɗe ƙaramin gareji a Burgstall, kusa da Stuttgart a Jamus. Kamfanin ya riga ya janye daga tsere, su kuwa ba su haƙura ba. Sunan AMG daga haruffan farko na sunayensu ya fito, sai G ta Grossaspach, mahaifar Aufrecht.

Suka ɗauki Mercedes 300 SEL 6.3, motar manyan mutane mai ƙofa huɗu da nauyin gaske, suka faɗaɗa injinta zuwa lita 6.8. Ƙarfinta ya tashi daga doki 250 zuwa 428. Aka shafa mata jan fenti, aka yi mata laƙabi da Jan Alade saboda girmanta. A tseren sa'o'i 24 na Spa a Beljiyam, shekarar 1971, ta zo ta biyu a tsakanin dukkan motoci, ta ɗaya a ajinta, duk da yawan tsayawa shan mai da cinye taya.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ɗaukar hankalina. Mercedes ta ƙulla yarjejeniya da AMG a 1990, suka fitar da C 36 tare a 1993. A 1999 ta sayi kashi 51 cikin ɗari na AMG, a 2005 ta sayi ragowar. Wato aikin da jiya ake kira kwaskwarimar 'yan gareji, yau shi ake sayarwa da garanti a matsayin "asali". Mai AMG da ke alfaharin bai taɓa ko kusa ɗaya ba, gadon masu taɓawa yake tuƙawa.

Sai dai kada mai sha'awar kwaskwarima ya yi saurin murna. Su Aufrecht injiniyoyi ne, kuma a Jamus canjin da bai samu amincewar masu binciken lafiyar motoci ba yana iya soke izinin hawa titi. Kasuwa ma ba ta yafiya. Toyota Supra ta shekarun 1990 ta sha hannun makanikai saboda injinta 2JZ na jure ƙarin ƙarfi, har waɗanda ba a taɓa ba suka yi wuyar samu. A 2019 aka yi gwanjon wata ƙirar 1994 da ba a canza mata komai ba a kan dala 121,000. Wadda ta fito a fim ɗin The Fast and the Furious ta kai dala 550,000 a 2021, amma labarinta aka saya, ba ƙarfenta ba.

Ita kuwa Jan Alade, da dokokin tsere suka canza, an sayar da ita ga kamfanin Matra na Faransa, inda aka ƙara mata tsawo don gwajin tayoyin jiragen sama. Daga nan ba a sake ganinta ba. Wadda ake nunawa a yau kwafi ce da Mercedes ta sa aka ƙera a 2006.