Turmin Baki da Tarihin Mutanen Sahara

A Icirnawa, kamar sauran garuruwan ƙasar Matamaye, in aka ce turmi, hankali yakan tafi ga na dakan gero. Amma Bahaushe ya ba manyan haƙoransa na tauna wannan suna, kuma masana sun gano cewa turmin baki yana riƙe da labarin asali wanda ya girmi kowane kundi.

Dalili kuwa shi ne, ɓawon haƙori ya fi kowane ƙashi tauri, kuma siffarsa takan kammala tun yana cikin dasashi, galibi bisa gado. A 1842 wani likitan haƙori na birnin Biyana, Georg Carabelli, ya bayyana wani ɗan tudu da kan fito a gefen turmin sama na farko, ta wajen ganɗa. Har yau da sunansa ake kiransa. Sai dai abin da wani mai bincike ya kira tudu, wani yakan kira shi tsagi, don haka lissafinsu bai cika dacewa ba. A 1991 Turner da Nichol da Scott suka fitar da ma'auni guda mai sunan Jami'ar Jihar Arizona ta Amurka, da samfurori na farar ƙasa da ake gwada haƙori a kansu. Tudun Carabelli ana ba shi maki daga 0, wato babu, zuwa 7, wato cikakken tudu. A 1997 Joel Irish ya nuna cewa akwai siffofin da suka fi yawa ga mutanen Afirka kudu da Sahara, ciki har da tudu na bakwai a turmin ƙasa na farko.

Nijar tana da rabonta a wannan fage. A shekarar 2000 ayarin Paul Sereno, masu neman ƙasusuwan dabbobin da, suka ci karo da maƙabartar Gobero a Tenere, cikin jihar Agadas, mai kaburbura kusan 200 a bakin wani tafki da ya ƙafe. Rahoton 2008 ya nuna zama biyu: na farko daga wajen 7700 zuwa 6200 kafin Miladiyya, masunta masu kama giwan ruwa, na biyu daga wajen 5200 zuwa 2500, bayan fari na kusan shekara dubu. Awon ƙoƙon kai ya sa masu rahoton suka ɗauke su al'ummu biyu daban. Irin wannan hukunci ne kwatanta haƙora yake iya ƙarfafawa ko raunanawa, domin inda iska da yashi suka farfasa ƙoƙon kai, turmi yakan tsira.

Amma ma'aunin yana da iyaka. Yana auna kusancin jama'a da jama'a ta yawan siffofi a tsakaninsu. Haƙori ɗaya ba ya faɗin ƙabilar mai shi, balle harshensa. Ba zai ce mutanen Gobero Hausawa ne ba, ba kuma zai tabbatar da zuwan Bayajida Daura, maƙwabciyar Matamaye, ba. Abin da yake buƙata shi ne kaburbura masu yawa da aka tona bisa ƙa'ida. Saboda haka manomin da ya ci karo da tsohon kabari a gonarsa, in ya bar shi yadda yake ya sanar da hukuma, ya taimaki tarihi ƙwarai, domin haƙorin da aka raba da wurin kwanciyarsa ya rasa rabin shaidarsa.