Tattara gurɓataccen ruwa da tace shi: bayani ga jami'an kiwon lafiyar al'umma, da misalin Lokuwa a Mubi

Gurɓataccen ruwa shi ne duk ruwan da aka gama amfani da shi a gida, kasuwa, asibiti, mayanka ko masana'anta. Masana sun kasa na gida kashi biyu: ruwan bayan gida, mai ɗauke da kashi da fitsari, da kuma ruwan wanka, wanki da wanke-wanke. Na farko ya fi haɗari, domin ta cikinsa ne ƙwayoyin kwalara, taifot, atuni, shan inna, wasu nau'o'in ciwon hanta da ƙwan tsutsar ciki ke komawa bakin mutane. Saboda haka aikin jami'in lafiya shi ne bin sawun wannan ruwa tun daga masai har inda ya ƙare.

Yanayin Lokuwa

Lokuwa mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa, Jihar Adamawa, a garin da Kogin Yedzaram ya ratsa, kusa da iyakar Kamaru. Kamar yawancin garuruwan Najeriya, Mubi ba ta da manyan bututun ƙarƙashin ƙasa da ke kwashe ƙazantar gidaje zuwa matata guda, irin matatar Wupa da Hukumar Kare Muhalli ta Abuja ke kula da ita. Kowane gida da nasa ramin masai ko sokawe, ruwan wanka da na wanki kuma ya bi kwata zuwa lambatu. Ruwan sha kuwa yana zuwa ne galibi daga rijiya, rijiyar burtsatse da 'yan ga-ruwa.

Haɗarin yana fitowa ne idan hanyoyin biyu suka haɗu. A watan Mayun 2018, daidai farkon damina, annobar kwalara ta ɓarke a ƙananan hukumomin Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu, aka yi jinyar ɗaruruwan mutane, wasu kuma suka rasu. Kwalara galibi tana yaɗuwa ne idan kashin mai ɗauke da cutar ya shiga ruwa ko abinci. Tun 1854 likita John Snow ya nuna alaƙarta da ruwan sha a Landan, lokacin da ya gano cewa famfo ɗaya ne tushen annobar wata unguwa.

Matakin tattarawa

Ramin masai yana tsare ƙazanta a wuri guda, ruwan ya tsiyaye cikin ƙasa a hankali. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a bar tazarar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, ƙasan ramin kuma ya kasance aƙalla mita 1.5 sama da matakin ruwan ƙasa. Da damina ya kamata a auna wannan matakin, domin lokacin ne ruwan ƙasa ke tasowa, musamman a gidajen da ke gangare ko kusa da kogi.

Abin da jama'a ke kira sokawe sassa biyu ne. Na farko tanki ne da aka shafe da siminti, inda dagwalo ke kwantawa a ƙasa, maiƙo ya taso sama. Na biyu rami ne da ruwan da ya fito daga tankin ke tsiyayewa. Tankin yana rage datti, amma ruwan da ke fita daga cikinsa yana nan da ƙwayoyin cuta, don haka laifi ne a sake shi cikin kwata. Ana so a kwashe dagwalon idan ya kai kashi ɗaya bisa uku na tankin.

Kwasa da jigila

Nan ne tsarin ya fi samun matsala a garuruwa da dama. Idan motar kwasar masai ko masu kwasa da hannu suka juye abin da suka ɗebo a kwazazzabo, gona ko bakin kogi, ruwan sama na farko zai mayar da shi cikin gari. Wajibi ne ƙaramar hukuma ta keɓe wurin zubarwa, ta yi wa masu kwasa rajista, ta kuma tabbatar suna aiki da safar hannu, takalmin roba da abin rufe hanci. Iskar da ke taruwa cikin rami tana iya kashe mutum cikin mintuna kaɗan.

Matakan tacewa

Tacewa tana tafiya ne daki-daki. Da farko ana tare leda da tsumma da raga, a kuma cire yashi. Sai a bar ruwan ya natsu, dagwalo ya kwanta. A mataki na gaba ƙwayoyin bakteriya masu amfani ke cinye dattin da ya narke, ta hanyar hura wa ruwan iska; an ƙirƙiro fitacciyar dabarar yin haka a Manchester ta Ingila a 1914. Daga ƙarshe a kashe sauran ƙwayoyin cuta da kulorin ko hasken rana.

Wannan tsari yana buƙatar wutar lantarki dare da rana. Ga gari mai zafi irin Mubi, jerin tafkunan tacewa ya fi sauƙin gudanarwa. Tafki na farko mai zurfin mita 2 zuwa 5 ne, inda datti ke ruɓewa ba tare da iska ba. Na biyu bai wuce mita 2 ba, gansakuka ke samar masa da oksijin. Na uku ya fi su rashin zurfi, rana ta ratsa shi ta kashe ƙwayoyin cuta. Dagwalon kuma a shanya shi a kan shimfiɗar yashi da tsakuwa, a adana shi tsawon watanni kafin ya zama taki.

Abin da jami'i zai auna

A ruwan sha, bai halatta a sami ƙwayar E. coli ko ɗaya cikin mililita 100 ba, domin samunta shaida ce cewa kashi ya shiga. Bayan minti 30 da zuba kulorin, ya kamata ragowarsa ta kai miligiram 0.5 a kowace lita. Wannan ya shafi jarkokin 'yan ga-ruwa kamar yadda ya shafi famfo. Ga ruwan da za a yi ban-ruwan lambu da shi, kamar yadda ake yi a gefen Jakara a Kano, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙwan tsutsa ya wuce ɗaya a lita.

Gurɓataccen ruwa kan kuma tona asirin cuta kafin ta bayyana a asibiti. Tun 2011 ake ɗibar samfurin ruwan magudanai a Kano domin neman ƙwayar shan inna.

Doka da alhaki

Tsaftar muhalli ta yau da kullum aikin ƙananan hukumomi ne, ta hannun jami'an duba-gari, yayin da hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ke sa ido kan ƙa'idojin zubar da ruwan datti a matakin tarayya. A Nuwamban 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan Dokar Zartarwa ta 009 domin kawo ƙarshen bahaya a fili, kuma a 2022 Jigawa ta zama jiha ta farko da aka ayyana ta cimma hakan. Sai dai kowane sabon masai wata rana zai cika. Don haka rajistar duba-gari a Lokuwa ta ƙunshi nisan kowane masai da rijiya, ranar da aka kwashe shi, wanda ya kwashe, da wurin da aka kai abin da aka ɗebo.